Yadda Ake Lissafin Sallamar Tsohon Hannu a Gasar NFL ta Amurka

A watan Maris na 2024 ƙungiyar Denver Broncos ta sallami Russell Wilson, mai jefa mata ƙwallo, bayan kakar wasa biyu kacal. Mutumin ya tattara kayansa ya koma Pittsburgh Steelers, amma ya bar wa Denver nauyin dala miliyan 85 a littafin lissafinta, kuɗin da aka rubuta da sunan ɗan wasan da ba zai ƙara sa rigarta ba. Kafin wannan lokacin ba a taɓa ganin adadi irin wannan a kan mutum ɗaya ba a tarihin gasar.

Wanda ya saba da tamaular Turai zai ce to mene ne abin mamaki, ai duk wanda ka kora kafin kwantiraginsa ya ƙare sai ka biya shi. A ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ana bangaje juna, abin ba haka yake ba. Yawancin kwantiragin NFL ba su da cikakken garanti. Ƙungiya na iya sallamar mutum yau, albashin sauran shekarunsa ya bi iska. Duk da haka akan sallami wani a ce ƙungiya ta samu sarari, a sallami wani kuma a ce ta ƙara shiga matsi. Wannan bambanci nake so mu koyi lissafinsa da biro da takarda, domin da zarar ka iya shi, babu kanun labarin da zai sake ruɗa ka.

Abu biyu za ka riƙe tukuna

Na farko, iyakar albashi. Ƙungiyoyi 32 ne a NFL, kuma kowace shekara akwai adadin da babu wadda za ta wuce shi wajen kuɗin 'yan wasa. An fara wannan tsari a 1994 da dala miliyan 34.6. A 2023 ya kai miliyan 224.8, a 2024 miliyan 255.4, a 2025 kuma miliyan 279.2. Adadin yana bin kuɗin shigar gasar ne, shi ya sa a 2021, bayan annobar korona ta hana 'yan kallo shiga filaye, ya sauko daga miliyan 198.2 zuwa miliyan 182.5. Iyakar nan ba ta lanƙwasuwa. Babu wani harajin da mai kuɗi zai biya a bar shi ya tsallake ta.

Na biyu, kuma shi ne ƙashin bayan duk abin da zan faɗa: duk dalar da ƙungiya ta miƙa wa ɗan wasa sai ta shiga lissafin iyakar nan. Ana iya jinkirta ta, ana iya rarraba ta a kan shekaru, amma ba a iya share ta. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Sallama tana tsayar da kuɗin da ba a riga an biya ba, ba ta dawo da wanda ya riga ya shiga aljihu.

Mataki na farko: warware kwantiragin gida-gida

Manta da babban adadin da ake shela ranar sa hannu. In an ce shekara biyar, dala miliyan 70, wannan na wakilin ɗan wasa ne da 'yan jarida. Kai abin da kake nema shi ne yadda aka kasa kuɗin. Shafukan intanet irin su Over The Cap da Spotrac suna jera wannan shekara-shekara, kyauta. Ga gidajen da za ka tarar.

Akwai albashin tushe, wanda ake biya idan kakar wasa ta kankama, kuma yana shiga lissafin shekarar da aka biya shi gaba ɗaya.

Akwai kafin alƙalami, wato dunƙulallen kuɗin da ake bai wa ɗan wasa saboda ya sa hannu. Shi yana karɓa tun farko, amma a littafi ana raba shi daidai-wa-daida a kan shekarun kwantiragin, kuma ba a wuce shekara biyar ko da kwantiragin ya fi haka tsawo. Masoya Chelsea sun san wannan dabara. Lokacin da ƙungiyar ta riƙa bai wa irin su Enzo Fernandez kwantiragin shekara takwas da rabi domin ta shimfiɗa kuɗin sayensu, hukumar UEFA ta tashi a 2023 ta taƙaita shimfiɗawar zuwa shekara biyar. NFL ta daɗe a kan wannan ƙa'ida.

Akwai ladan zama, wanda ake biya idan ɗan wasa yana cikin jerin ƙungiya a wata rana da aka ayyana, galibi 'yan kwanaki bayan buɗe sabuwar shekarar gasa a tsakiyar Maris. Sai ƙananan lada irin na halartar atisaye da na bajinta. Waɗannan ba su cika sauya hukunci ba, don haka ba za mu tsaya a kansu ba.

Bari mu ƙirƙiri ɗan wasa na misali domin lissafi ya zauna. Ya sa hannu a kan shekara biyar, dala miliyan 70. Kafin alƙalami miliyan 20. Albashin tushe: miliyan 4 a shekarar farko, 8 a ta biyu, 10 a ta uku, 12 a ta huɗu, 14 a ta biyar. Sannan akwai ladan zama na miliyan 2 a watan Maris na shekara ta uku. Ka tara ka gani, 70 ne cif. Ya buga shekara biyu, ƙafa ta fara nauyi, yanzu janar manaja yana zaune a watan Fabrairu yana tunanin ko ya riƙe shi ko ya sallame shi.

Mataki na biyu: fitar da kasonsa na bana idan ya zauna

Raba kafin alƙalami gida biyar, kowace shekara miliyan 4. Kasonsa a shekara ta uku shi ne albashi 10, da rabon kafin alƙalami 4, da ladan zama 2. Jimilla miliyan 16. Wannan ne wurin da yake ci a cikin iyakar albashi idan ba a taɓa shi ba. Rubuta 16 a gefe ka kewaye shi.

Mataki na uku: nemo mataccen kuɗi

Mataccen kuɗi shi ne abin da zai ci gaba da zama a littafin ƙungiya bayan ɗan wasa ya tafi. Daga tushe biyu yake fitowa: ragowar kafin alƙalamin da ba a riga an lissafa ba, da kuma duk wani albashi mai garanti da ba a biya ba tukuna.

A misalinmu an lissafa miliyan 8 na kafin alƙalami a shekara biyun farko. Saura miliyan 12, wato 4 sau uku. Ƙa'ida ita ce idan aka sallami ɗan wasa kafin 1 ga Yuni, duk ragowar nan za ta taso daga shekarun gaba ta afka wa lissafin bana a lokaci guda. Mataccen kuɗinsa miliyan 12 ke nan, idan babu garanti.

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, don haka bari in nanata. Miliyan 12 ɗin nan ba sabon biya ba ne. Mai ƙungiya ba zai sake zaro ko sisi ba. Kuɗi ne da ɗan wasa ya karɓa shekara biyu da suka wuce, wataƙila ma ya riga ya sayi gida da su. Littafi ne kawai yake cim ma abin da aljihu ya riga ya yi.

Kafin ka rufe wannan mataki, binciki tarihin kwantiragin, ko an taɓa sauya masa fasali. Ƙungiyoyin da ke cikin matsi sukan mayar da albashin tushe ya zama kafin alƙalami domin su shimfiɗa shi. A ce a shekara ta biyu an ɗauki miliyan 6 daga albashin mutuminmu na miliyan 8 an yi masa haka. Ɗan wasa bai yi asarar komai ba, hasali ma ya karɓi kuɗinsa da wuri. Ƙungiya ta raba 6 ɗin a kan shekara huɗun da suka rage, miliyan 1.5 kowace, ta samu sararin miliyan 4.5 a wannan shekarar. Daɗi a lokacin. Amma yanzu kasonsa na shekara ta uku ya zama 17.5, mataccen kuɗinsa kuma ya tashi daga 12 zuwa 16.5. Rana ba ta ƙarya. Duk sauyin fasali ɗaya yana ƙara ɗaure ƙungiya da ɗan wasan, kuma yawanci waɗanda ake yi wa haka su ne manyan da shekaru suka fara ja.

Haka nan ka duba ko akwai shekarun fanko a wutsiyar kwantiragin. Waɗannan shekaru ne da ake liƙawa a takarda kawai domin a samu inda za a shimfiɗa kafin alƙalami, kowa ya san ba za a buga su ba. Ranar da kwantiragin ya ƙare, abin da aka ajiye a cikinsu yakan taso gaba ɗaya. Tom Brady ya yi ritaya a farkon 2023, amma ya bar wa Tampa Bay Buccaneers kimanin dala miliyan 35 a littafin wannan shekarar ta irin wannan hanya.

Mataki na huɗu: ɗebe, sannan ka raba sarari da tsabar kuɗi

Kaso idan ya zauna, a ɗebe mataccen kuɗi, abin da ya rage shi ne sararin da aka samu. A misalinmu na asali, 16 a ɗebe 12, saura miliyan 4.

To amma mai ƙungiya fa? Shi ya tsira da albashi 10 da ladan zama 2, wato tsabar kuɗi miliyan 12 da ba za su fita daga asusunsa bana ba. Ka ga lambobi biyu daban daga sallama ɗaya: miliyan 4 a littafin iyaka, miliyan 12 a banki. Idan ka ji wani ya ce ƙungiya ta yi rarar kaza, tambayi wanne yake nufi. Kuma kada ka tsaya a bana. Da ya zauna, kasonsa na baɗi 16 ne, na shekarar ƙarshe 18. Da zarar an haɗiye mataccen kuɗin bana, waɗannan shekaru biyu sun zama fes, babu sunansa a ciki. A ganina wannan ne ainihin ribar sallama, kuma shi ne abin da ba a cika faɗa ba, domin kowa idonsa na kan kasuwar bana.

Mataki na biyar: bi sawun garanti da ranakunsa

A nan hukunci yake juyawa. Garanti a NFL iri uku ne. Akwai wanda ke kare ɗan wasa idan an sallame shi saboda wasansa ya ja baya, akwai na rauni, akwai kuma wanda ke kare shi idan an sallame shi don neman sarari a iyakar albashi. Sai kuɗi ya haɗa ukun nan ake ce masa cikakken garanti. Sau da yawa babban adadin garantin da ake shela ranar sa hannu, wani kaso mai yawa a cikinsa na rauni ne kawai, wanda ba ya aiki idan mutum lafiyarsa ƙalau aka sallame shi.

Mu koma wurin mutuminmu. A ce miliyan 6 daga albashinsa na bana suna da cikakken garanti. Mataccen kuɗi ya zama 12 da 6, wato 18. Kasonsa idan ya zauna 16 ne. Sallamarsa kafin Yuni za ta cinye wa ƙungiya ƙarin miliyan 2, ga shi kuma babu ɗan wasan. Irin wannan ne ake cewa kwantiragi ya fi ƙarfin sallama. Mafi tsananin misali shi ne na Deshaun Watson, wanda Cleveland Browns ta bai wa dala miliyan 230 a 2022, dukansu da cikakken garanti. A irin wannan takarda babu ƙofar fita mai sauƙi ko ta ina.

Yanzu ranaku. Wakilan 'yan wasa masu wayo sukan rubuta cewa garantin rauni zai rikiɗe ya zama cikakke a wata rana, misali kwana na uku ko na biyar da buɗe shekarar gasa, wani lokaci ma shekara guda kafin lokacin biyan kuɗin. Manufarsu ita ce su tilasta wa ƙungiya ta yanke hukunci da wuri, lokacin da sauran ƙungiyoyi ke da kuɗin saye, maimakon a riƙe mutum har kasuwa ta watse sannan a sake shi. Saboda haka ka nemo ranar, domin ita ce ke gaya maka yaushe za a yi sallamar. Las Vegas Raiders ta sallami Derek Carr ranar 14 ga Fabrairu, 2023, ana gobe dala miliyan 40.4 za su zama cikakken garanti. Ba dace ba ne.

Wannan kuma shi ke bayyana wani abu da ke ɓata wa 'yan kallo rai, wato ajiye lafiyayyen ɗan wasa a benci a ƙarshen kaka. Idan ƙungiya ta riga ta ƙudurta rabuwa da mutum, kuma yana da garantin rauni na baɗi, to kowane wasa da ya buga kasada ce. Ya karye a wasan ƙarshe, ya kasa cin gwajin likita a watan Maris, kuɗin sun hau kanta. Carr ya zauna a wasanni biyu na ƙarshen 2022. Wilson ya zauna a biyun ƙarshen 2023, yana da dala miliyan 37 na 2025 da ke ƙarƙashin garantin rauni. Daniel Jones na New York Giants ya rasa gurbinsa a Nuwamban 2024 da garantin rauni na miliyan 23 rataye a kan ƙungiyar. Masu horarwa sukan ce dalilin wasa ne, kuma wataƙila akwai gaskiya a ciki, amma ni ban taɓa ganin laifin ɗan wasan da ya ji ciwon irin wannan ba. Mutum ya ba da jikinsa shekara da shekaru, a ƙarshe sharaɗin da aka rubuta don kare shi ya zama dalilin cire shi daga fili.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: duba ko garantin yana da sharaɗin ragi. Idan akwai, duk abin da sabuwar ƙungiya ta biya ɗan wasan za a cire shi daga abin da yake bin tsohuwar. Denver na da alhakin biyan Wilson dala miliyan 39 a 2024. Da ya je Pittsburgh sai ya karɓi mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda a bai wa mai shekarunsa, miliyan 1.21, domin ko nawa Pittsburgh ta ba shi jimillar abin da zai shiga hannunsa ɗaya ne. Denver ta biya sauran kusan miliyan 38 ga mutumin da ke buga wa wata ƙungiya.

Mataki na shida: auna hanyar 1 ga Yuni

Idan aka yi sallama bayan 1 ga Yuni, ƙa'ida ta sauya. Rabon kafin alƙalami na bana ne kaɗai zai zauna a littafin bana, ragowar ta tafi baɗi. A misalinmu marar garanti, bana mataccen kuɗi miliyan 4 ne, baɗi miliyan 8. Sararin bana ya tashi daga 4 zuwa 12.

Kafin ka yi murna, tara shekara biyun. Hanyar farko: sararin 4 bana, 16 baɗi, jimilla 20. Hanyar Yuni: 12 bana, baɗi kuma 16 a ɗebe 8, saura 8, jimilla 20. Daidai suke. Ba a rage ko dala ɗaya ba, bashi ne aka ɗaga wa wa'adi. Abin da ke sa ɗagawar ta yi ma'ana shi ne iyakar albashi takan ƙaru kusan kowace shekara, don haka miliyan 8 na baɗi ba su kai miliyan 8 na bana nauyi ba. Sannan sararin da ƙungiya ba ta kashe ba bana tana iya tsallakawa da shi baɗi, wanda ke ƙara nuna cewa aljihu ɗaya ne mai baki biyu.

Akwai matsala ɗaya a fili. Ladan zaman mutuminmu a watan Maris ake biya. Idan aka jira Yuni, an yi asarar miliyan 2 a banza, shi kuma ɗan wasa ya rasa kasuwa. Don haka yarjejeniyar da ke tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta NFLPA ta ba kowace ƙungiya damar sallamar mutum biyu a shekara tun daga buɗe shekarar gasa a Maris, amma a yi musu lissafi tamkar bayan 1 ga Yuni aka sallame su. Ɗan wasa ya samu 'yancinsa nan take, ya je ya nemi aiki. Ƙungiya ta tsira daga ladan zama da garantin da ke shirin rikiɗewa. Haka Dallas Cowboys ta yi da Ezekiel Elliott a 2023.

Sai dai ga ƙaya a ciki, kuma ita ce kuskuren da na fi gani a muhawarar masoya wasan: sararin ba ya zuwa sai 2 ga Yuni. Daga Maris har zuwa ranar, kason ɗan wasan yana nan zaune a littafi kamar bai tafi ba. Manyan 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare kuwa a makon farko na kasuwa ake wawashe su. Wanda ya ce a sallami wane ta hanyar Yuni domin a sayi wane a Maris bai fahimci tsarin ba. Kuɗin Yuni na sa hannun sababbin yaran da aka zaɓo daga jami'o'i ne a watan Afrilu, da tsawaita kwantiragin 'yan gida, da ajiyar ko-ta-kwana saboda raunukan da ke zuwa in kaka ta fara. Ƙungiyar da ta wuce iyaka kuma take neman sauka ƙasa kafin ranar buɗe shekara, wannan hanya ba ta tsinana mata komai.

Mataki na bakwai: cire kuɗin magaji

Daga Maris zuwa farkon kaka, ƙungiya na iya riƙe 'yan wasa har 90, amma manyan kaso 51 ne kawai ake lissafawa. In ka cire ɗaya daga sama, na 52 zai hauro. Mafi ƙarancin albashin sabon shiga a 2025 dala 840,000 ne, don haka sararin miliyan 4 ɗinmu ya koma kusan miliyan 3.2. Wannan ma idan yaro mai arha ne zai gaje shi. Idan sai an je kasuwa an sayo wani a kan miliyan 5, to an sallami mutum an kuma ƙara kashe kuɗi, sai dai a ce sabon ya fi shi.

Mataki na takwas: duba kalanda da shekarun ɗan wasan

Wanda ya cika kaka huɗu a gasar yana da wasu haƙƙoƙi da yaro ba shi da su. Idan aka sallame shi kafin a rufe kasuwar musaya a farkon Nuwamba, kai tsaye yake zama mai 'yancin kansa, ya zaɓi inda zai je. Yaro kuwa sai an sa shi a layi, sauran ƙungiyoyi su samu damar ɗaukar kwantiraginsa yadda yake. Bayan rufe kasuwar, kowa sai ya bi layin, babba da yaro. Jones ya bi ta nan a 2024, babu wanda ya ɗauki kwantiraginsa, sannan ya koma Minnesota Vikings da zaɓin kansa. Wannan yana da tasiri a lissafi, domin idan wata ƙungiya ta ɗauke shi a layi, sauran albashinsa ya koma kanta.

Haƙƙi na biyu ya fi nauyi. Tsohon hannun da ke cikin jerin ƙungiya a makon farko na kaka, idan aka sallame shi daga baya, yana da ikon neman ragowar albashinsa na wannan shekarar gaba ɗaya, ko da babu garanti a takardarsa. Sau ɗaya ake cin wannan gajiya a rayuwar wasa. Shi ya sa ƙarshen Agusta, lokacin da ake rage jeri zuwa mutum 53, yake zama lokacin fargaba ga manya. Shi ya sa kuma za ka ga an sallami wani kafin makon farko, a dawo da shi a mako na biyu. Idan kana lissafin sallama a tsakiyar kaka, ɗauka cewa albashin bana ya riga ya tafi, ribar da za a samu ta shekarun gaba ce.

Mai rauni kuma ba a sallamarsa haka kawai. Idan a bakin aiki ya ji ciwon, sai an daidaita da shi a kan makonnin da zai yi yana jinya, kuma abin da aka biya shi yana shiga lissafi.

Mataki na tara: gwada sauran ƙofofi kafin ka yanke

Musaya ita ce ta farko. Ragowar kafin alƙalami tana nan a kan tsohuwar ƙungiya kamar a sallama, Atlanta Falcons ta haɗiye fiye da dala miliyan 40 da ta tura Matt Ryan zuwa Indianapolis Colts a 2022. Amma albashi mai garanti yana bin ɗan wasa zuwa sabon gida, ga kuma abin da za a karɓa a madadinsa. A misalinmu mai garantin miliyan 6, sallama ta bar 18, musaya ta bar 12. Lura dai, damar nan ta yi wa mutum biyu lissafin 1 ga Yuni tun a Maris ba ta shafi musaya ba. In ana son raba mataccen kuɗin musaya gida biyu, dole a jira Yuni na gaskiya.

Ta biyu ita ce rage albashi. Ƙungiya ta ce wa wakili, ko ya karɓi 6 maimakon 10, ko mu sake shi. Wakili zai leƙa kasuwa a asirce. Idan ba wanda zai ba da fiye da 5, za su zauna. Sau da yawa wannan ya fi wa kowa, domin kason ya sauko zuwa 12, daidai da mataccen kuɗin da za a ɗauka in an sallame shi, ga kuma ɗan wasan yana nan yana aiki. Wannan kwatance nake so ka riƙa yi kullum: nawa ne kuɗin rashinsa, nawa ne kuɗin zamansa a sabon farashi.

Yanzu ɗora duk wannan a kan Wilson. Denver ta karɓo shi daga Seattle Seahawks a Maris na 2022, ta ƙara masa shekara biyar a kan kusan dala miliyan 245 kafin ya buga mata wasa ko ɗaya. Ya ci wasa 11 ya faɗi 19. Da Maris na 2024 ya zo, miliyan 39 na wannan shekarar sun riga sun zama dole, ko ya zauna ko ya tafi. Kafin alƙalami da sauran lada da aka riga aka biya su ma dole ne su shiga littafi. Abin da ya rage a hannun ƙungiya shi ne miliyan 37 na 2025, waɗanda za su zama cikakken garanti cikin 'yan kwanaki. Tambayar da ke gabansu ba ta miliyan 85 ba ce, waɗannan sun riga sun tafi. Tambayar ita ce ko za su ƙara 37 a kai.

Suka ƙi. Suka bi hanyar Yuni, suka ɗauki miliyan 53 a 2024, wato sama da kashi ɗaya cikin biyar na iyakar albashin shekarar, suka bar 32 ga 2025. A watan Afrilu suka zaɓo Bo Nix a matsayi na 12, yaro mai albashin sabon shiga, suka ba shi ragamar jefa ƙwallo. A wannan kakar, ƙarƙashin mai horarwa Sean Payton, sun ci wasa 10 sun faɗi 7, suka shiga zagayen fitar da gwani karo na farko tun kakar 2015.